Harsashi Biyu a Ƙullin Baba

Mahaifina maharbi ne, amma ba irin masu layu da kirari ba. Aikin albashi ya yi a wata gonar gwaji, inda masana ke jarraba irin gyaɗa da masara, shi kuma aikinsa ya hana namun ɓarna cinye gwajin kafin a zo aunawa. Kurege, zomo, gafiya, biri, wani lokaci har dila mai ɗauke wa ma'aikata kaji. Bindigoginsa biyu ne, duk ƙanana, kowace da lasisinta. Da ya yi ritaya sai ya koma yi wa gonarsa da ta maƙwabta wannan gadin, ba ya karɓar komai sai naman da ya harbo.

Ni ce 'yarsa ta fari, maza kuma ba su zo da wuri ba, don haka ni na tashi ina riƙe masa tsumma in yana goge bindiga. Na san harsasansa tun kafin in iya haɗa baƙi. Iri biyu ne. Akwai wanda yake kira gajere, ɗan mitsitsi kamar gaɓar yatsa, kansa dalma ce tsirara mai ɗan maiƙo. Akwai kuma mai wuya, wanda ya fi tsawo, cikinsa da ɗan faɗi sannan ya tsuke daga sama kamar kwalbar turare. Baba mutum ne da za a yini tare da shi da ƙyar a ji muryarsa. Amma duk wanda ya kuskura ya tambaye shi wanne ya fi a cikin biyun nan, to ya nemi wurin zama, tuwonsa ma sai ya huce.

Shekaru suka ja, na zama malamar jami'a, aka ba ni tallafin karatu na zo Kuala Lumpur yin digiri na uku. Ni da maigidana da yara muka kama haya a wani dogon bene a Sentul, inda ta taga ake hango layin dogo. Hausawan da ke benen nan da kewayensa kusan duk ɗalibai ne irina, kuma abin da ya riƙe mu bayan zumunci shi ne saƙo. Da an ji wani zai taho daga gida, kowa sai ya buga wa nasa waya. Kuka, daddawa, yaji, kilishi, busasshiyar kuɓewa, duk a ƙulle a leda an rubuta suna a jiki. Mai ɗaukowa ba ya buɗewa. Buɗe saƙon mutum a wurinmu zagi ne, kamar ka ce ba ka yarda da uwarsa ba.

Saƙon nan kuma ba ta fuska ɗaya yake tafiya ba. Mutanen gida sun ɗauka duk abin da aka ƙera a duniya yana nan zube a Malesiya, kuma ba sa iya kwatance a waya, sai dai su aiko da samfur. Mahaifiyata ta taɓa yanko gefen mayafi ta aiko, na bi shaguna a kasuwar Chow Kit har na samo mata irinsa. Baba ya taɓa aiko da karyayyen bakin injin feshi, shi ma na samo, ya yi ta nuna wa mutane a majalisa. Tun daga nan ya yarda babu abin da zai gagare ni. Da ya ce mini a waya akwai wani ɗan abu da ya yi wuyar samu yana so in duba masa, ina tsakiyar rubutu, na ba shi amsar da na saba.

"Baba, ka sa samfur a cikin saƙo."

Wadda za ta taho a lokacin wata dattijuwa ce daga Kano, kowa Hajiya yake ce mata. 'Yarta tana ƙasanmu a benen, matar wani ɗalibi ce, ta yi haihuwar fari, Hajiya za ta zo wankan jego ta zauna har a yi arba'in. Ɗanta ne ya tattara saƙonnin jama'a a can ya cusa mata a jaka. Ban taɓa ganinta ba sai ranar da na sauka barka. Gajeriyar mace ce mai faɗi, bakinta ba ya rabo da goro da tsokana. Kafin in gama gaisuwa har ta ce mini boko ya tsotse ni, in zauna ta ba ni kunu.

Da hantsi ne, falon cike da mata a ƙasa, ana ta miƙa jaririya hannu-hannu. Har da maƙwabciyarsu 'yar ƙasa, tsohuwar malamar makaranta da muke kira Makcik, wato kamar a ce gwaggo, ta kawo wa mai jego farfesun kifi. Hajiya ta jawo jaka ta fara rabon saƙo. Da nawa ya zo hannuna na buɗe shi nan take, don in akwai kilishi a ciki ba a hawa da shi sama a ɓoye. Na yayyaga na miƙa wa mata. Na fito da kuka, na fito da yaji. Can ƙasa sai ga wani ɗan ƙulli a shuɗin tsumma. Na gane tsumman, irin wanda Baba ke yagowa daga tsohuwar riga ne, har da warin man da yake shafa wa ƙarfe. Na ce a raina samfurin ke nan. Ƙullin ya yi tauri, na sa haƙori na kwance.

Abu biyu suka faɗo a kan tayil, suka yi 'yar ƙara, suka gangara. Ɗaya ya tsaya a gefen tabarma. Ɗayan ya tafi har sai da ya taɓa yatsan Makcik.

Ni kaɗai na san abin da nake gani, kuma na kasa ko motsi. Gajere ne da mai wuya, kuma ba kwanso ba, da ransu, dalmarsu na nan a kai. Wata a cikin matan ta yi dariya ta ce wane irin batir ne wannan. Makcik ta sunkuya ta duba, ta janye ƙafarta a hankali ta naɗe a ƙarƙashinta, fuskarta ta canja.

Hajiya kuwa hannu ta miƙa ta ɗauki mai wuya, ta ɗaga shi wajen hasken taga.

"Au, wannan ai harsashi ne," ta ce. "Ashe da shi na taho."

"Put down, Hajah, put down lah," in ji Makcik da Turanci, wato ta ajiye shi.

Mai jego ta karɓe jaririyarta ta rungume. Babu wadda ke zaune a wurin da ba ta san ƙasar da muke ciki ba. Tun ranar da muka sauka ake ja mana kunne a kan abu biyu, ƙwaya da makami, kuma mun sha jin cewa harsashi ɗaya ya isa ya kai mutum gidan yari na shekaru. Na dubi tsohuwar nan da goro a bakinta, na tuna ta ratso filayen jirgi da abin nan a jakarta, ta wuce gaban na'urori da jami'ai tana gaishe su. Har yau ban san yadda aka yi ya wuce ba. Da an tsayar da ita a hanya, da ko ruwan wankan farko ba ta ɗora ba.

Hajiya ta ajiye shi a ƙasa, na haɗa su na sa kofi na kife su, kamar masu iya gudu. Na shiga kicin na kira maigidana, sannan na kira Baba. A can gida ko asuba ba ta gama yi ba, amma shi mai sammako ne, bugu ɗaya ya ɗauka.

"Sun iso?" ya tambaya, da murnarsa. "To madalla. Ki saurara da kyau kada su ruɗe ki. Gajeren nan shi na fi bukata. Na nan duk sun tsufa, sai ka ɗana ka ja kunama ya ƙi tashi, kurege yana kallonka. In kin samu sabo ki duba gindinsa, shi a gefe ake dukansa, ba a tsakiya ba. Shi ne na kusa. Ba ya da ƙara, ka harbi zomo ɗan'uwansa na gefe bai daina kiwo ba, kuma ba ya ɓata nama. Amma iska tana wasa da shi, in da nisa sai ya sunkuya ya ci ƙasa."

"Baba."

"Shi kuma mai wuya na nesa ne. Biri ya san mutum, ba ya bari a matso, dila ma haka. Shi ke zuwa inda aka aike shi a miƙe. Amma kada ki ga haka ki ce ya fi, ka sa wa zomo shi sai dai ka tsinci fata. Ga ƙara, ka harba ɗaya duk dajin ya watse. In kuɗin ba zai kai duka biyun ba..."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ran nan. Na ce masa ya san abin da ya yi kuwa? Na ce a ƙasar nan ba a sayar da harsashi a kanti, ba a riƙe shi, ba a ko ajiye shi a gida, kuma ya ɗora wa matar mutane abin da zai iya sa ta mutu a kurkuku. Ina faɗa ina kuka, ina jin kaina kamar wata ce ke magana.

Can ya ce, a hankali, "Ai biyu ne kawai. Kuma babu bindiga."

Wannan amsar ta fi komai gigita ni, don na ji da gaske yake. Bai ɓoye su ba, bai yi dabara ba. Ƙulle su ya yi yadda ya ƙulle bakin injin feshi. A wurinsa kayan aiki ne, abin da ya kwana da shi a ƙarƙashin gado tun ina goye.

Maigidana ya iso tare da mijin mai jego, duk sun jiƙe da gumi. Suka ɗaga kofin suka leƙa, suka mayar.

"Wallahi this is serious," in ji maigidana. "A naɗe su a jefa a kogi kawai. Yanzun nan."

"Da CCTV a lift, da CCTV a gate?" in ji mijin mai jego. "Kuma mata nawa ne suka gani?"

Gaskiyarsa. Matan sun riga sun zame ɗaya bayan ɗaya, kowace da wayarta a hannu, wasu ko kilishinsu ba su ɗauka ba. Makcik ce kawai ta tsaya. Ta ce ba za ta kai ƙarar kowa ba, amma kada mu sa ta yi ƙarya in an tambaye ta. Ta ce 'yar ƙanwarta lauya ce, bari ta kira ta.

Lauyar ta zo bayan azahar, yarinya siririya da ɗan kwali ruwan toka, ba ta da yawan murmushi. Ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce hanya ɗaya ce, mu kai kanmu yau, kafin labarin ya riga mu zuwa a bakin wani. Na ce to zan ce a cikin saƙona na gani, ban san wanda ya kawo ba, tun da dai mahaifina ne, ni ya kamata abin ya hau. Ta girgiza kai.

"Cannot lah, ba zai yiwu ba. Tambayar farko da za su yi ke nan, wa ya shigo da shi. In kika yi ƙarya a ta farko, ba mai yarda da sauran."

Mai jego ta fashe da kuka ta ce ba inda uwarta za ta. Aka shiga gardama, kowa na magana ba mai jin wani. Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafinta a kafaɗa da fasfo a hannu, ta tofar da goron a kwandon shara.

"Ni na ɗauko, ni zan faɗa," ta ce. "Ke kuma ki daina kuka, nono zai ɗauke."

A ofishin 'yan sanda ba wanda ya yi mana tsawa. Ni da ma tsawar aka yi, da na fi gane inda nake. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyin tsiya, wani jami'i ya sa safar hannu ya ɗauki harsasan nan ɗaya-ɗaya, kowane ya sa shi a ledarsa, aka ɗauki hoto ta kowane gefe. Abin da na yi wasa da kwansonsa ina yarinya, ga shi ana ɗaukarsa kamar maciji. Jami'in ya tambaye ni ko na san mene ne waɗannan. Tsoro ya sa bakina ya kwance. Na ji kaina ina yi masa bayani cewa wannan a gefe ake dukansa, na kusa ne, na zomo da kurege, wancan kuma a tsakiya, na nesa ne, ba bindiga ɗaya suke shiga ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye biro. Lauyar ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da na ji zafi.

"Madam ta san harsashi sosai," ya ce.

Sai da na koma tun daga gonar gwaji da shuɗin tsumma kafin ya sake ɗaukar biron.

Hajiya kuma ta ba su aiki. Maigidana ke fassara mata. Aka tambaye ta ko ta san abin da ke cikin ledar, ta ce a'a. Aka ce me ya sa ba ta duba ba. Ta dubi jami'in kamar ya tambaye ta me ya sa ba ta leƙa ɗakin surukinta ba. Ta ce a gaya masa saƙo amana ne, kuma ba na mutum ɗaya ta ɗauko ba, duk ba ta buɗe ba. Lauyar ta runtse ido. Ranar sai da aka bi kowane gida aka karɓo ledojin kuka da daddawa aka zazzage.

Da magariba aka sallame mu a hannun mazajenmu, amma aka riƙe fasfo ɗina da na Hajiya. Aka ce za a yi bincike, a aika wa masu gabatar da ƙara, su za su ce a kai mu kotu ko a bari. Na tambayi lauyar yaushe. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake.

A mota ne Hajiya ta yi maganar da ta ƙarasa kashe mini jiki. Ba da ni take ba, da surukinta take.

"Za su ba ni kafin arba'in dai ko? Ka san bikin auta satin da zan koma ne."

Sai a lokacin na ji. Autarta, wadda ta rage mata a ɗaki tun rasuwar mijinta, an sa ranar aurenta daidai da komawar Hajiya. An buga kati, an kama wuri, dangi na nesa sun shirya.

Makonnin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na buɗe littafi in ga baƙi yana yawo. Duk ƙarar ƙofa gabana ya faɗi. Baba ya aiko da hoton lasisinsa da takardar rantsuwa daga kotu, lauyar ta kai, aka ce an karɓa. Labari kuma ya zaga gari ya yi ƙiba. A wani kedai, wato ɗan kanti, da muke sayen shinkafa na ji wata 'yar ƙasarmu tana ba da shi, ba ta san ni ce ba, a bakinta harsasan sun zama kwali guda har da bindiga a cikin buhun kuka. Mai jego ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Na koma bin matakala don kada mu haɗu a lif.

Hajiya ce ta hau har sama ta same ni. Ta buga ƙofa da ƙafa, hannunta riƙe da kwanon kunun kanwa.

"'Yar maharbi, ɓuya kike yi?" ta ce. "Ni da aka riƙe wa fasfo ina cin abinci, ke da kika jawo kina ramewa. Karɓi ki sha."

Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi, gwiwata ba za ta buɗe ofishin gwamnati ba. Daga ranar kullum sai ta hau. Takan zauna ta sa in ba ta labarin Baba, yadda yake kwanciya a kunyar gona tun asuba yana jiran gafiya, yadda yake gane ɓarnar kurege da ta zomo daga yadda aka ciji gyaɗa. Tana dariya tana cewa mutumin nan ya so ya kashe ta da harsashi ba tare da ya harba ba. Ko sau ɗaya ba ta yi mini ƙorafi ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Abin da na lura kawai, duk ranar da lauyar ta kira, Hajiya takan bar abin da take yi ta tsaya tana kallon bakina har in ajiye wayar.

Aka yi arba'in, shiru. Tikitinta ya wuce. 'Ya'yanta suka ce a ɗaga bikin, dangin ango ma suka yarda da ƙyar. Ita ta hana. Ta ce ba ta san ranar da za a sake ta ba, ba za ta rataye yarinya a kan abin da ba shi da rana ba, a ɗaura. Na ji lokacin da take faɗa a waya, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo.

Ranar ɗaurin auren ban yi niyyar sauka ba, ita ta aiko a kira ni. A can hantsi ne, a nan rana ta kusa faɗuwa. Na tarar ta ci ado, ta sa leshin da ta ɗinka don bikin, ta ɗaura ɗan kwali, tana zaune a kujera da wayar a jingine jikin kwalbar ruwa. Ɗanta ne ke riƙe da waya a can yana zagawa da ita. Muka ga tsakar gidanta cike da mata, muka ga tukwane, muka ji guɗa. Wata ƙanwarta ce zaune a inda ya kamata ta zauna. Aka kai wayar ɗaki wurin amarya, yarinyar ta ga fuskar uwarta ta kife kai a gwiwa. Hajiya ta yi mata nasiha kamar suna ɗaki ɗaya, ta ce ta riƙe salla, ta riƙe sirrinta, ta daina barin tukunya a wuta tana danna waya. Har amaryar ta yi dariya cikin kuka.

Sai ɗan ya juyo da wayar wajen fuskarsa.

"Hajiya, akwai baƙo. Tun safe yake zaune a ƙofar gida, an ba shi abinci ya ƙi ci. Ya ce wurinki ya zo."

Hoton ya yi ta girgiza har aka fita waje. Na ga tabarmi da takalma, na ga bango, sannan na ga mahaifina. Ban san zai je ba, ko mahaifiyata ba ta gaya mini ba. Ya yi tafiyar yini daga garinmu zuwa gidan da bai san kowa ba. Ya sa farar rigarsa ta Idi, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Da aka miƙo masa wayar bai karɓa ba. Sai ya sauka daga tabarma ya durƙusa a ƙasa a gaban jama'a, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Tun da nake ban taɓa ganin kan Baba a waje ba hula ba. Na toshe bakina da mayafi.



Hajiya ta matso da fuskarta jikin wayar ta ƙare masa kallo.

"Malam, kai ne maharbin?" ta ce. "Tashi, ka mai da hularka, kada ka ɓata mini biki. Na yafe tun a mota." Sannan tsokanar ta motsa. "Amma tun da ni na yi dakonsu tun daga Kano, ai sai ka gaya mini. A cikin biyun wanne ya fi?"

Na san tambayar nan, na san abin da take buɗewa. Na jira in ji gajere na kusa ne, mai wuya na nesa ne. Baba ya dubi wayar, leɓensa na motsi. Sai ya kife fuskarsa a cikin hular, kafaɗunsa suka fara rawa. Maza suka taso suna kama shi, hoton ya karkace, aka katse.

Hajiya ta zauna tana kallon baƙin gilashin wayar. Ta kwance ɗan kwalinta ta ninke shi a cinya, ta sake ninkewa. Ta ce in ba ta ruwa. Kafin in dawo daga kicin ta shige ɗaki ta tura ƙofa, kuma daga inda nake tsaye da kofin a hannu ina jin kukanta. Mai jego ta zo ta karɓi kofin daga hannuna, ta ce in zauna. Ita ce maganar farko da ta yi mini tun ranar barka.

Ba a yi mako biyu ba lauyar ta kira ta ce an rufe maganar, ba za a kai mu kotu ba, mu je mu karɓi fasfo. Hajiya ta koma ta tarar da ɗakin auta a share, an kwashe komai. A benenmu kuwa tun daga lokacin ba a sake karɓar saƙo a ƙulle ba. Mai aikowa zai zazzage shi a gaban mai ɗauka, kowa na kawar da kai don kunya, kuma kowa ya san a kan wa aka fara.

Baba ya mai da bindigoginsa biyu ga hukuma da hannunsa, a satin da ya dawo daga Kano. Da na je gida bayan na gama karatu na ga ƙusoshin da yake rataye su suna nan a bango. Kurege ya cinye masa rabin gyaɗa a shekarar, yana zaune a bakin gona yana jifansa da hoge. Mahaifiyata ta ce masu tasowa a harkar farauta har yanzu suna zuwa gaishe shi, kuma wani lokaci wani yakan tambaye shi tsakanin gajere da mai wuya wanne ya fi. Sai ya ce ya manta.